Ɗigogin Yaya Ummaru

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai yayana Ummaru makwancinsa. Malamin kimiyya ne a jami'a, ni kuma hatsi nake sayarwa, amma a gida ɗaya muka tashi a Ƙofar Marke.

Aikinsa binciken wasu abubuwa ne da ke can cikin sararin sama. Ido ba ya ganinsu, sai na'ura ke jiyo siginar rediyo da suke fitarwa. Bayanansu daga ƙasashen waje ake aiko masa. Bayan La'asar yakan shimfiɗa takarda kan tabarma, kowanne cikin abubuwan nan ya ɗiga masa ɗigo a gurbinsa. So yake ya san ina suka yi yawa, ina suka yi ƙaranci. Ya ce da haka ake gane yadda sararin yake tun yana sabo.

Wata rana Baba ya dawo daga gonarmu ta Wamakko, ya tsaya a kansa.

"Ummaru, mi kaka shukawa ga takarda?"

"Baba, shukar Allah ce nike ƙirgawa."

"To, ka ƙirga da gaskiya."

Shekara uku yana ganin ɗigogin sun taru a gefe guda. Ya rubuta bincikensa, ƙarin girma na jiransa. Sai ya gano na'urar ce ta fi daɗewa tana sauraron wancan gefen, shi ya sa suka yi yawa. Babu wanda ya lura. Na ce ya bari har a ba shi matsayin. Ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ya janye takardar binciken. Na yi wata guda ina fushi da shi. Ciwon hanta ya ɗauke shi bai samu matsayin ba.

Yau an ce akwai manyan na'urori a kudancin Afirka, kwamfuta kuma na gama aikin shekararsa kafin shayi ya huce. Da yana nan, na san zai yi murna, sannan ya tambaya wa ya duba aikin kwamfutar.

Bai bar gida ba, bai bar littafi ba. Amma bara wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu take koyarwa, ta zo har rumfata. Ta ce duk ajin da ta shiga, da labarin janye takardar nan take farawa. Na kasa gaya mata ni ne na ce kada ya janye.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Kai ka fi ni gaskiya.