Cigiya da Hoton San Maƙwabci

Shekarar da na gama yawon duniya na dawo Dutsin-Ma na zauna, ita ce shekarar da san huɗar ƙanena ya ɓata. A Tamawa yake noma. Shanu biyu gare shi, ga hadari ya fara haɗuwa, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma.

Na ji cigiya da Larabci a Sudan, na ji da Faransanci a Yamai, ko'ina baki ne ke faɗin kamanni. Amma gidan rediyon da muka je kai cigiyar san sun fito da sabon salo don jawo masu sauraro zuwa shafinsu na intanet: ba a karɓar cigiyar dabba sai da hoto, masu waya su gani su yaɗa.

Ƙanena ya ce wa mai gabatar da shirin, "Malam, wa ke ɗaukar sa hoto? Ni kaina sau biyu aka taɓa ɗaukata."

"To, Baba, a kawo na mai kama da shi."

Maƙwabcinsa na da farin sa mai baƙin kunne, kamar an tsaga kara. Ni na ɗauki hoton da yardar mai shi, har ya goge masa tozo don ya fito da kyau.

Bayan kwana biyu sai ga mutum huɗu a ƙofar ƙanena, riƙe da sa, suna gumi suna murna. A turken maƙwabcin suka kwanto shi. Mai shi na biye yana rantsuwa, su kuma suna nuna masa waya: "Alhaji, ji tsoron Allah! Ga kunnen, ga tozon!" Muka ba da haƙuri, muka mai da sa. Washegari wasu 'yan acaba daga Karofi suka sake kawo shi. Ran kasuwa sau uku aka kawo shi. San ya haddace hanya, yana gaba, masu tsintuwa na baya. Ranar da wasu suka yi ɓatan kai da shi har Kurfi, maƙwabcin ya kai tasa cigiyar. Aka ce sai hoto, ya ba da wancan ɗin. Shafi ya kaure da gardama, mai shirin na ta murna, wai ba su taɓa samun mabiya haka ba.

Ruwan shuka ya sauka. Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, harsuna biyar kake ji, amma san mutane kaɗai ka iya kirawo mini."

Na ji kunya. Na ce, "Shi naka da wane harshe kake kiransa?"

Ya yi wani fito mai lanƙwasa a ƙarshe. Na naɗa a waya, na tura wa mai shirin. Ya riƙa sakawa tsakanin shirye-shirye, ya kuma mai da shi gasa: kowa ya turo nasa kwaikwayon.

Kwana uku, wani mai shayi a Dabawa ya bugo ana cikin shiri. Ya ce wani farin sa ya tsare masa tebur tun safe, yana lasar rediyo, ya hana masu shayi zama.

Muka hau babur muka je. Shi ne, ya rame, kunnen nan baƙi. Ƙanena ya matsa, idonsa ya kawo ruwa, ya yi fito. Sa ko waiwaye. Aka sake saka fiton a rediyo, sai ya ɗaga kai ya amsa da kuka.

"Ka gani ko?" in ji mai shayin. "Ya saba da na gidan rediyo. Naka bai kai ba, Malam."

A ƙasa muka koma Tamawa, ina gaba da wayata tana fito, sa na bina, ƙanena na can baya yana mita. An yi huɗa a kan kari. Sai dai duk daminar nan a karkiya wayata take yini, ɗaure da tsumma, tana yi wa sa fito, kuma duk wanda ya neme ni sai ya jira a kai ƙarshen kunya.