Gwangwanin Anti Kemis

A ɗakin kwanan ɗalibai mata, ba mai kiranta da sunan yanka. Anti Kemis ake ce mata, alhali tarihi take karantawa. 'Yar tela ce. Ta tashi a gindin keken mahaifiyarta, inda ba a yar da ƙyalle komai ƙanƙantarsa, kuma da wannan hali ta zo jami'a. Duk wadda ta warke ta bar ragowar magani, sai Anti ta karɓa ta jefa a wani gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gadonta. Kwali da takardar bayani cika wuri suke yi, don haka zubar da su take. Katin ƙwayoyin kuwa ta bi shi da almakashi, bibbiyu bibbiyu, daidai na mai ciwo.

Da kala ta san su. Fari mai tsaga na ciwon kai ne, ja da rawaya na ciki. Ba ta taɓa tambayar kanta farare masu tsaga nawa ne a duniya ba.

Wata rana Auta, 'yar aji ɗaya da ke kwana a gadon sama, ta dawo daga lacca riƙe da kai.

"Anti, a taimaki marainiya."

"Marainiya mai iyaye biyu? Ungo, kora da ruwa."

Kafin Anti ta gama wankin da ta jiƙa, leɓunan Auta sun kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, numfashinta na fita da ƙyar. A kafaɗa Anti da 'yan ɗakin suka kai ta asibitin makaranta. Nas ta yi mata allura nan take, sannan ta juyo wurin Anti.

"Me ta sha?"

"Fari ne, Sista, mai tsaga."

"'Yata, rabin kabad ɗin nan fari ne mai tsaga. Jikinta ne ba ya son wani magani. In ba mu san sunansa ba, gobe wani zai sake ba ta, wataƙila ma ni."

Da gudu Anti ta ɗauko gwangwanin ta zazzage a tebur. Ta sami gutsuren da Auta ta ɓare, ta juya bayansa. Ashe a nan ake rubuta suna, kuma almakashinta ya ratsa ta tsakiyarsa. Ta shiga gwada shi da sauran gutsattsarin baki da baki, yadda mahaifiyarta ke haɗa zanen atamfa a wurin ɗinki. Wannan bai hau ba, wancan ya yi faɗi. Can wani ya zauna daram, sunan ya fito.

Nas ta karanta. Ba na ciwon kai ba ne ma, na kashe ƙwayoyin cuta ne da likita ya rubuta wa wata daban.

Auta ta tashi, ta haddace sunan kamar karatun jarrabawa, tana faɗa wa duk likitan da ta je wurinsa. Gwangwanin a asibiti Anti ta bar shi. Sunan Kemis dai ya ƙi barinta.

Har ta gama makaranta, in aka ƙwanƙwasa ƙofa da ciwon kai, ba ta ba da ko ƙwaya ɗaya. Takan ɗauki mayafi ta ce, "Mu je in raka ki wurin Sista." A can kuma ta ishi nas da tambaya, tana jujjuya kwali: wannan ƙaramin rubutun na gefe fa, me yake cewa?