Toshin Ruwa a Shekarar Fari

Jiya bayan la'asar na tarar da jikata Hadiza tana share hawaye a kan wani littafin soyayya. Na karɓa na duba da ɗan karatun da na samu a yaƙi da jahilci. Labarin zamanin fari ne, saurayi yana kai wa budurwa toshin ruwa.

Ta ce, "Tsoho, irin wannan so sai a takarda. Shi ya sa muke karantawa."

Na ce, "Ke! Shekarar da gero ya ƙone a Kamarawa, wata biyu ina kora jaki ina ɗebo wa gidan su kakarki ruwa. Toshina ke nan."

Ta yi dariya. "Za ni in tambaye ta."

Tsohuwar nan kuwa ba ta taɓa yabona a gaban kowa ba.

Sai muryarta daga ɗaki: "Ƙarya shika yi! Wata ukku na. Jakin ma na aro na."

Hadiza ta ajiye littafin, ta jawo tabarma tsakaninmu.

Wallahi har yanzu murmushi nake. Ashe tana ƙirgawa! Ku fa, kun taɓa tambayar tsofaffinku yadda suka haɗu?