Abin da Na Rubuta wa Inna a Takarda

A shekarata ta biyu a jami'a a Dutse aka fara koya mana hanyoyin bincike a fannin halayyar ɗan Adam. Malaminmu dattijo ne daga wajen Haɗeja, ba ya ɗaga murya. Ya ce kowa ya tsara takardar tambayoyi, in an tafi hutu ya gwada ta a kan mutanen garinsu. Ni na zaɓi baƙin cikin uwar da ta rasa ɗa, kuma wallahi ba don ilimi na zaɓa ba. Da fushi na zaɓa.

Yayana, ɗan farin Inna, ya rasu da daminar da ta gabata. Ni na yi kuka har muryata ta dishe, amma Inna ko ɗigo ban gani ba. Tana karɓar gaisuwa tana tankaɗen gari. Dama tun yana da rai ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Na san alkunya ce ta ɗan fari, kowa a garinmu Aujara ya sani, amma na ce a raina haba, har a mutuwa? Abin ya tsaya mini a wuya.

Da hutu ya zo na bi gida-gida da takarduna, sannan na zo kan Inna. A tsakar gida na tsare ta, ga Goggo, ga matan maƙwabta ana ɓarar gyaɗa. Na karanta: "Kina yawan tunawa da shi? Kullum, wani lokaci, ko kuwa ko kaɗan?"

Matan suka kwashe da dariya. Inna ta kau da kai ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Boko ya cinye ki."

"Inna, amsa nake so."

"To sa na ƙarshen."

Na sa. Har da danna biro.

Da na koma Dutse na rubuta cewa matan da suka rasa ɗan fari sun fi sauran saurin mantawa, don duk amsarsu ɗaya da ta Inna. Ina ta jin kaina. Malam ya karanta ya cire tabarau, ya tambaye ni wa ya yi tambayoyin, kuma a gaban wa. Na faɗa masa.

Ya ce, "'Yata, ke 'yar ina ce? Wace uwa ce za ta buɗe baki a gaban mutane ta ce wa 'yar cikinta tana kewar ɗan fari? Kunya kika auna, ba baƙin ciki ba. Ki koma, ki sa sa'arsu ta tambaye su a ɗaka."

Raina ya ɓaci, don ba na son gyara. Na ce sai bayan jarrabawa. Ana saura mako guda mu gama, hawan jini ya kayar da Inna, aka kai ta asibiti a Jahun, ban same ta da rai ba.

Ranar sadakar uku aminiyarta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, ta ja ni ɗakinta ta nuna mini gefen gado. Ta ce tun da yayana ya rasu, kusan kullum da hantsi Inna kan zo wai sayen daddawa, ta saki labule ta zauna a nan ta yi kukanta, sannan ta wanke fuska ta koma gida.

Tsohuwar ta ce, "Ranar da kika zo da takardar nan ma ta zo. Ta ce yarinyar nan ta rubuta ba na tunaninsa, za ta kai Dutse a karanta. Ta tambaye ni ko irin wannan rubutun ana iya gogewa. Na ce mata ban sani ba, ta bari ki dawo hutu ta tambaye ki."