Madarar Belbeji Ta Shigo Birni

Damagaram. Ana idar da sallar asuba muka ɗau hanya, ni da direbanmu Malam Issa, firigonmu na sanyaya madara ɗaure a bayan mota. Mu ɗaliban jami'a muka tsara shi ya yi aiki da hasken rana, masu walda na gari suka ƙera jikinsa. Hajiya Rabi mai kamfanin yawur, wato yogot, ta gindaya mana sharaɗi ɗaya: in madarar Belbeji ta iso mata ba ta tsinke a wuta ba, za ta bar sayen garin madara na buhu, ta koma ta makiyaya.

Belbeji. Ana kiran azahar muka isa, hanya ta jijjige mu lilis. Inna Dije, shugabar mata masu tatsa, ta tarbe mu da fura da cuku.

"Da damina zubar da madara muke, 'yata," in ji ta. Ta ƙwanƙwasa firigon. "Wannan akwatin ne zai kai ta birni?"

"In Allah ya yarda, Inna."

A gidanta muka kwana. Da hantsi mata suka juye tatsar safe, na rufe murfi gam.

Dawowa. Rana ta take. Malam Issa ya nemi ya sa gorar ruwansa ciki, na hana, don kowane buɗi sanyi ke fita. Ya kumbura.

A shinge jandarma ya ce, "Madam, buɗe."

Na yi magiya, ina! Ya buɗe, ya zura hannu. "Sanyi haka, ba kuran, ba wayar lantarki?" Sai ya kira abokan aikinsa, kowa ya zo ya taɓa, murfi a wangale. Wallahi kamar in yi kuka.

"Tsohuwata na da shanu wajen Falanko," ya ce. "Yaushe za ku kai musu?" Da hannunsa ya rufe, har da dannawa.

Damagaram. Bayan la'asar Hajiya Rabi ta ɗora tukunyar madarar a wuta. Muka zuba ido, ba mai motsi. Madara ta taso fari fat, ta yi kumfa har ta zubo kan murhu.

"Kira Innar taki," ta ce. "Jibi ma ina so."

Na kira. Da na gaya wa Inna Dije, guɗar mata kawai na ji ta cika wayar.

Da magariba na shiga gida lafiya. Godiya ga Allah, sai Malam Issa da ya sha ruwan zafi tun daga Belbeji saboda ni.