Ranar da Aka Tafa wa Mutuwar Akuya

Sana'arsa ta ainihi niƙa ce. Yana da inji guda a wani ɗan shago da ke bayan tashar mota, kuma wanda ya gan shi da rana zai ɗauka tsoho ne tukuf, saboda garin da ke kwanciya a girarsa da gemunsa. Amma ba da niƙa aka san shi ba. Baba Tafi ake ce masa, domin tun yana saurayi, duk taron siyasar da za a yi a babban ɗakin taro na unguwar, shi ke fara tafi, sauran jama'a su bi. Kujerar farko a sahun gaba tasa ce, kuma ya fi ji da ita fiye da injin.

Kada a ɗauka aikin mai sauƙi ne. Tafin da ya zo da wuri yakan yanke wa mai magana jimla, wanda ya makara kuma yakan bar shi tsaye da baki buɗe kamar wanda ya manta abin da aka aike shi. Baba Tafi ya san dabarun masu jawabi sarai. Idan mutum ya yi tambayar da ba ya son a amsa, kamar "Har yaushe za mu ci gaba da haƙuri?", ba a tafa, girgiza kai ake yi. Idan ya daina cewa "ni" ya koma "mu", to ya kusa roƙon wani abu. Idan ya shiga maimaita farkon jimla, "Za mu gina, za mu gyara," hawa yake yi, sai a bar shi ya kai ƙololuwa. Babbar ƙa'idarsa kuwa ita ce ta uku. Yakan ce, "Abu biyu bai cika ba, huɗu ya yi yawa. Da zarar ya jera uku ya yi shiru, hannunka yake jira."

Sai dai injin da ya ciyar da shi ya cinye masa kunne a hankali. Matarsa ce ta fara ganewa.

"Maigida, na ce ruwan wanka ya huce."

"Wa ya wuce?"

"Kunnenka ne ya wuce! Ka je a duba ka."

Ya ƙi. Ya san idan maganar ta kai ga Sakatare, wato mutumin da ke shirya taro yana raba kujeru, za a mayar da shi can baya wajen masu gyangyaɗi. Don haka ya koma sauraro da ido. Yana kallon yatsun mai jawabi: ɗaya, biyu, uku, sai baki ya rufe, sai tafi. Ya daɗe yana haka ba wanda ya lura.

Ran nan aka kawo wani sabon ɗan takara, mai ƙiba, mai farin hankici a aljihu. Ya zaɓi ya fara da taɓa zuciya, wato labarin talaucin da ya taso a ciki. Ya sassauta murya, ya ɗaga yatsa. "A shekarar da aka haife ni, mahaifina ya rasa aikinsa." Ya ɗaga na biyu. "Rufin ɗakinmu ya rufta." Ya ɗaga na uku, muryarsa tana rawa. "Akuyarmu guda ɗaya tilo, ta mutu." Ya yi shiru, ya kai hannu ga hankici.

Baba Tafi ya ga uku, ya ga shiru. Ya miƙe tsaye ya saki tafi irin na ranar nasara, har da "Allah ya ƙara!" Jama'a kuwa sun fi yarda da hannunsa fiye da kunnuwansu, sai ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Wani daga baya ya yi fito. Ɗan takara ya tsaya da hankici a tsakanin aljihu da ido, bai san inda zai kai shi ba.

Washegari Sakatare ya same shi a shago, ya sa aka kashe injin.

"Baba, me akuyar nan ta yi maka?"

"Wace akuya?"

Nan asiri ya tonu. Sakatare ya dafe kai, ya ce taro na gaba shi ne gwaji na ƙarshe, in aka sake kuskure kujera ta tafi. Baba Tafi ya koma gida ya kasa cin abinci. Matarsa, wadda ba ta taɓa taka ɗakin taron ba, ta dube shi ta ji tausayi. Ta matso kusa da kunnensa ta ce, "Zan zauna gefenka. In lokacin tafi ya yi, zan zungure ka da gwiwar hannu."

Ranar taro ɗan takarar ya dawo da shirinsa, ba akuya a ciki. Ya jera uku: hanya, asibiti, makaranta. Ya yi shiru. Baba Tafi ya ware hannuwa yana jiran zunguri. Bai zo ba. Ya saci kallon matarsa, ya ga ta harɗe hannu ta taɓe baki. Ɗaki ya yi tsit, domin kowa shi yake kallo. Ɗan takara ya sake jera wasu uku, ya ƙara da tambayar da ba a amsawa, ya kira jama'a iyayensa da 'yan'uwansa. Gwiwar hannu ba ta motsa ba. Gumi ya karyo wa ɗan takarar, wannan karon hankicin ya yi aikin gaske. Can da dabara ta ƙare, ya ajiye takardarsa ya ce da muryarsa ta yau da kullum, "To, famfon bakin tasha dai da ya lalace, gobe da safe zan turo a gyara. Wannan kam zan iya."

Zunguri ya sauka a haƙarƙarin Baba Tafi har ya ce "wash". Ya tafa, ɗaki ya ɗauka, kuma an daɗe ba a ji irin wannan tafin ba.

A hanyar gida ya hau ta da faɗa. "Ke, sau biyu mutumin nan yana jera uku! Kin kusa ja mini asara!"

"Na ji su," ta ce da ƙarfi. "Ka ce in taɓa ka in ya faɗi abin tafi. Shi nake jira."

"Ba haka ake yi ba! Ba a duba abin da aka faɗa!"

"To ka nemi wata gwiwar hannun."

Bai nema ba. Sakatare ya bar masa kujerarsa, ya ƙara wata a gefenta. Har yau Baba Tafi yana ganin matarsa ba ta san ƙa'idar aikin ba, kuma yakan faɗa wa duk wanda ya kawo niƙa, da ƙarfi, tana zaune a bakin shagon tana ji.