Bari Ya Zauna Tukuna

Jiya a kasuwar Gusau wata mai daddawa ta buɗe kwandonta, ƙamshin ya mayar da ni tsakar gidan kakata a 'Yandoto, Allah ya jiƙanta.

Inna muke ce mata. Tana da wata ɗabi'a mai ba ni haushi: da ta ji magana ɗaya mai amfani a rediyo, sai ta kashe shi. "Bari ya zauna tukuna," in ji ta. Sai ta leƙa katanga ta maimaita wa maƙwabciyarta.

Zuwana na ƙarshe na same ta a kan tabarma tana mulmula daddawa. Na ɗauko waya ina kunna mata wa'azi, wannan na ƙarewa in danna wani. Ta ɗora yatsunta masu danƙo a hannuna.

"Tsaya, ɗan nan. Na farin mi ya ce?"

Na shiga laluben wayar ina neman abin da zai tuna mini.

"Kana ta zubawa, ba ka bari ya shiga. Mai da mu can."

Muka sake ji, ta sa na faɗa mata da bakina. A kan haƙƙin maƙwabci ne. Har yau ina iya kawo shi, alhali abin da na saurara da safen nan ya bi iska.

Wayata cike take da muryoyin mutane, babu tata. Amma tata ce ta zauna. Allah ya haskaka kabarinki, Inna, ya sa abin da kika riƙe ya riƙe ki.